An ga wani abu a hanjin yarona, babansa ya hana a yi hoton CT

Assalamu alaikum Anti Likita. Ina da yaro ɗan shekara bakwai. Wata biyu da suka wuce ciwon ciki ya kama shi, irin mai murɗawa ya saki, har da amai. A asibiti aka yi masa sikanin, aka ce hanjinsa ne ya shige cikin ɗan'uwansa. Aka warware shi ta hanyar tura ruwa ta dubura, ba a yi aiki ba, muka koma gida muna murna. Kwana tara da suka wuce abin ya dawo, aka sake warwarewa. Amma a wannan karon likitar hoto ta daɗe tana dubawa, ta ce bangon hanjin ya yi kauri a wuri ɗaya, kuma akwai kaluluwa a cikin cikin. Aka rubuta mana hoton CT mai rini. Babansa ya karanta a waya cewa hasken CT yana sa wa yara kansa, ya ce ba da ɗansa ba, gara mu canza wuri a sake sikanin. Wata ƙawata nas ta karanta min takardar, ta ce an rubuta cewa ba za a iya kore limfoma ba, wai wani nau'in kansa ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yaron ya rame, wandon makarantarsa har zamewa yake. Anti, maganar wa zan bi, ta mijina ko ta likita? Kuma ni ce na yi sakaci?

Daga uwar da barci ya ƙaurace wa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya sanyaya miki zuciya. Bari in fara da amsar da kika fi buƙata, bayani ya biyo baya. A yi hoton nan, kuma a yi shi cikin kwanakin nan, kada ya kai wani satin. Kwana taran da aka yi ana ja-in-ja sun isa haka. Ban ga yaronki ba, ban ɗora hannu a cikinsa ba, don haka likitocin da ke riƙe da shi su ne da magana ta ƙarshe. Amma abin da kika zayyana min, duk wanda ya daɗe yana duba hoton cikin yara zai ce miki likitar nan ta kyauta da ta tsaya ta ƙara dubawa.

Shigewar hanji cikin ɗan'uwansa ciwo ne na ƙananan yara, galibi daga wata uku zuwa shekara uku. Ki kama bakin hannun riga ki tura shi ciki, to haka hanjin yake yi. A waɗannan shekarun yawanci ba a samun wani abu da ya ja shi. Wata 'yar cuta ce ta wuce ta kumbura bangon hanji, a warware, shi ke nan an rabu. Amma idan yaro ya haura shekara biyar, ko kuma abin ya maimaita, sai mu fara zargin akwai wani abu a jikin bangon da hanji ke cafkewa yana ja, yana ƙoƙarin tura shi gaba kamar yadda yake tura duk abin da ya shigo masa. Ɗanki ya haɗa biyun, shekara bakwai, kuma sau biyu cikin wata biyu. Ga rama a kai. Warwarewar da aka yi ta kawar da haɗarin ranar, amma tambayar me ya jawo tana nan ba a amsa ba.

Ki riƙe wannan da kyau: abin da ke jan hanji haka ba lallai ne ya zama kansa ba. Wanda aka fi samu wata 'yar jaka ce da ake haihuwar wasu da ita a jikin ƙaramin hanji, likitoci na kiran ta da sunan Meckel. Kimanin mutum 2 cikin 100 na da ita, yawancinsu har su tsufa ba su sani ba. Akwai ɗan tsiro mai wuya da ke fitowa ta cikin hanji, wanda a jikin yara kusan kullum ba mugu ba ne. Akwai ƙullutun ruwa da ake haihuwar yaro da shi manne da hanji, akwai ƙullutun kitse, akwai na jijiyoyin jini. Tarin fuka ma yakan sauka a ciki, daidai mahaɗar ƙaramin hanji da babba, ya kaurara bango, ya kumbura kaluluwa, har ya ruɗi ƙwararre. Sannan akwai limfoma. Ita kuwa kansar hanji irin ta manya da kika saba ji, da wuya ƙwarai a same ta a ɗan shekara bakwai.

Sai jimlar nan da ta hana ki barci. Mu masu karanta hoto inuwa muke gani. Na'ura tana nuna mana girman abu da siffarsa da inda ya zauna, ko ruwa ne ko tsoka, ko jini na gudana a cikinsa. Suna ne kawai ba ta faɗa mana. Abubuwa uku ko huɗu masu bambancin asali za su iya yin inuwa iri ɗaya. Shi ya sa idan na rubuta cewa ba za a iya kore kaza ba, nufina yana cikin waɗanda nake zargi, kuma ina jan kunnen likitan da takardar za ta je hannunsa kada ya yi sanya. Ni kaina na rubuta wannan jimlar sau da dama aka je aka tarar da tarin fuka, ko 'yar jakar nan da na ambata. Na kuma rubuta ta ya zama abin da nake tsoro ne. Ba zan ɓoye miki ba, kaurin bango da kaluluwa da rama a yaro namiji mai waɗannan shekarun sun isa a ɗauki zargin da gaske.

Limfoma kansa ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, irin waɗanda ke zaune a kaluluwa, kuma ƙarshen ƙaramin hanji cike yake da su. Wadda ta fi kama hanjin yara ita ce ta Burkitt. Ta samo sunan ne daga Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ailan da ya bayyana ta a 1958 yana aiki a Yuganda, inda ya riƙa ganin yara da kumburin muƙamuƙi. Daga baya aka gane tana fitowa a ciki ma, a ko'ina a duniya, kuma ta fi kama maza. Halinta guda biyu ne ya kamata ki sani. Tana cikin kansar da ta fi kowace saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinta kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kuma wannan saurin nata shi ne lagonta, domin maganin kansa ya fi cin ƙwayoyin da ke rabuwa da gaggawa. A asibitocin da ke da cikakken kayan aiki, kimanin yara 9 cikin 10 na warkewa. Waɗanda aka gano tasu tana wuri ɗaya a hanji, aka yanke ta gaba ɗaya, zagaye biyu kacal na magani ake yi musu a tsarin da ake bi a ƙasashe da yawa, kuma kusan dukkansu suna tashi. Sau da yawa shigewar hanjin ce ke tona asirinta tun tana ƙarama. Idan har ita ce, ciwon cikin nan da ya tayar miki da hankali ya yi muku gata, da sharaɗin ba a ɓarar da kwanakin da ya ba ku ba.

Maigidanki ya ce a canza wuri a sake sikanin. Na fahimce shi, don sikanin ba shi da illa. Sauti ne da kunne ba ya ji ake turawa cikin jiki ya dawo, babu hasken eksire a ciki, kuma shi ne farkon abin da muke ɗauka idan an kawo yaro da ciwon ciki. Cikin yaro ba shi da kitse sosai, hoton na fita tas. Idan hanji ya shige, kina ɗora kan na'urar za ki ga zobe cikin zobe, kamar an jefa tsakuwa a ruwa. Amma yana da iyaka. Iskar da ke cikin hanji tana tare sauti, duk abin da ke bayanta duhu ne. Ba ya nuna ciki gaba ɗaya a kallo guda, ba ya leƙa ƙirji da kyau, kuma ingancinsa na hannun mai riƙe da shi ne. Sikanin ya riga ya yi aikinsa a kan ɗanki, ya ce ga wani abu nan. Tambayoyin da suka rage su ne ina ya tsaya, me ya taɓa, ya hanta da saifa da ƙoda suke, ta ina za a shiga a ɗebo shi. Ko sau goma aka maimaita sikanin ba zai cika waɗannan amsoshin ba.

Akwai wani uba da ba na mantawa. Ya shigo ɗakin hoto da ɗansa a kafaɗa, da leda a hannu. Ya zazzage min takardun sikanin guda biyar daga wurare biyar, duk cikin wata guda. Na jera su a tebur bisa kwanan wata. A ta farko abin bai wuce babban yatsa ba, kuma wanda ya rubuta ta ya ba da shawarar a yi CT da gaggawa. Sauran huɗun kowa da abin da ya gani, wani ya ce tsutsa, wani ya ce ruwa. Da na shafa man nan mai sanyi a cikin yaron na ɗora na'ura, cikin ya yi tauri kamar ganga, abin kuma ya fi tafin hannuna. Mahaifin yana tsaye a kaina yana kallon fuskata, ba ya kallon allon. Yaron ya rayu, alhamdu lillahi, amma sai da ya sha magani mai nauyi na watanni, da kwanciya a asibiti, da ƙarin jini. Ban taɓa ganin laifin mutumin nan ba, son ɗansa ne ya sa shi yawo. Yana gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Yanzu maganar hasken CT. Kada ki ce wa maigidanki ƙarya ya karanta, don akwai gaskiya a ciki. CT hasken eksire ne da ke zagaya jiki yana ɗaukar hoto yanka-yanka, kwamfuta ta haɗa su, kuma adadin hasken ya fi na eksiren ƙirji nesa ba kusa ba. Yara sun fi manya jin illarsa, saboda jikinsu na kan girma kuma akwai doguwar rayuwa a gabansu. A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan yara da matasa kusan 180,000 da aka yi wa CT tsakanin 1985 da 2002. An ga ƙarin haɗarin kansar jini da fitowar ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin na ƙaruwa da yawan hasken da aka sha. To amma nawa ne? Lissafinsu ya nuna idan aka yi wa yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma hoton kai, cikin shekara goma masu zuwa za a samu ƙarin mutum ɗaya mai kansar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa. Wannan adadin ya isa ya hana likita rubuta CT don kawai hankalin iyaye ya kwanta. Bai isa ya hana a yi wa yaron da aka riga aka ga abu a hanjinsa ba.

Ki kuma san cewa kowannenmu yana shan irin wannan hasken kullum, daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama. Matsakaicin abin da mutum ke sha a duniya kimanin milisibat 2.4 ne a shekara, milisibat kuwa shi ne ma'aunin da ake auna wannan hasken da shi. CT na cikin babban mutum ya yi daidai da na shekara uku zuwa huɗu a haɗe, na yaro kuma ƙasa da haka idan an saita na'urar daidai da nauyinsa. Tun 2008 ƙungiyoyin likitocin hoto a Amurka suka fara gangamin Image Gently don a daina yi wa yara hoto da ma'aunin manya, kuma na'urorin yanzu sun fi na zamanin binciken can rage haske. Don haka ku ɗora abu biyu a sikeli. Gefe ɗaya ɗan ƙaramin haɗari ne da wataƙila ya zo bayan shekaru masu yawa, wataƙila ma har abada ba zai zo ba. Ɗaya gefen kuma abu ne da ke cikin yaron yau, wanda ya riga ya naɗe masa hanji sau biyu.

Tsoron babansa zai yi amfani idan aka mayar da shi tambaya. Ku je tare wurin likitan da ya rubuta hoton, shi maigidan ya yi tambayoyin da bakinsa. Me ake nema a hoton, kuma sakamakon zai canza me a magani? Za a rage hasken daidai da nauyin yaro? Sau ɗaya na'urar za ta bi ta kansa ko sau da yawa? A yara galibi bi ɗaya bayan an sa rini ya wadatar, babu buƙatar a ɗauka kafin rini da bayansa har sau uku kamar yadda ake wa wasu manya. Idan ana son ganin ƙirji ma, a haɗa a zama ɗaya, kada a dawo da shi jibi. Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyin. Ni idan uba ya yi min su, daɗi nake ji, na san yaron na da mai tsaya masa.

Ku tambaya kuma ko MRI zai yiwu. Shi da maganaɗisu yake aiki, babu hasken eksire ko kaɗan, kuma yana nuna bangon hanji da kyau matuƙa. Wahalarsa ita ce lokaci. Yaro zai sha ruwa na musamman mai ɗan yawa kusan awa guda kafin a fara don hanjin ya buɗe, sannan ya kwanta a cikin rami mai ƙara kamar ana buga guduma, minti talatin zuwa awa ɗaya ba motsi, ana ce masa riƙe numfashi, saki. Ƙananan yara sai an sa su barci, wanda shi ma da nasa haɗarin. Ɗan shekara bakwai da aka yi wa bayani da kyau sau da yawa yana iyawa. Ra'ayina shi ne, idan za a same shi cikin kwana biyu ko uku, kuma akwai wanda ya saba karanta na yara, to madalla, an huta da gardama a gida. Idan kuwa sai an bi layin makonni, ko yaron na cikin ciwo ba zai iya kwanciya shiru ba, a yi CT. Shi ɗaukar hoton kansa daƙiƙoƙi ne.

Rinin da aka ambata ruwa ne mai sinadarin aidin da ake turawa ta jijiya. Shi ke haska jijiyoyin jini da bangon hanji, ya raba kaluluwa da abin da ke kewaye da ita. Idan babu shi, hoton cikin yaro siriri duk toka-toka yake fitowa, an sha haske a banza. Kafin a sa, ki faɗa musu idan yana da asma, ko ya taɓa yin borin jini da wani magani, ko yana da matsalar ƙoda. Wataƙila su gwada ƙodar ta jini tukuna, musamman da yake ya yi amai. Za su faɗa miki awa nawa zai yi bai ci komai ba. Yawanci ana barin uwa ta tsaya kusa da shi sanye da rigar dalma, amma idan kina da ciki ko kina zargi, ki faɗa, babansa ya shiga a madadinki. Hakan ma wataƙila ya fi, ya ga abin da idonsa. Ki tafi da duk takardun baya, kuma kada ku fito sai da hoton kansa a faifai ko a waya, ban da takardar sakamako. Duk likitan da zai gan shi nan gaba zai so ganin hoton, kuma wannan ne zai hana a sake haska shi ba dalili.

Ki shirya zuciyarki cewa CT ma ba zai faɗi sunan ciwon ba. Taswira zai ba likitan tiyata. Suna sai an ɗebo ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba a madubin likita. Akwai hanyoyi da yawa, hoton ne zai nuna wadda ta dace. Ana iya shiga da kyamara ta dubura yaro na barci, a bi babban hanji har bakin ƙaramin, a tsinko kaɗan. Ana iya soka allura ana kallo da sikanin. Idan ruwa ya taru a ciki ana iya zuƙo shi a duba ƙwayoyin da ke ciki. Idan kuma abin ƙarami ne a wuri ɗaya kuma shi ke naɗe hanjin, sau da yawa aiki ake yi a yanke wannan gaɓar a haɗe sauran, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ranar da aka ɗebi naman ki tambayi yaushe sakamako zai fito, wa za ki nema, kuma ki roƙa a rubuta a kai cewa na gaggawa ne. Na sha ganin an yi hoto da wuri, an yi aiki da wuri, sannan kwalbar nama ta yi sati uku a kan kanta ba mai bibiya.

Ga wani gargaɗi da nake so ki ɗauka da muhimmanci fiye da yadda za ki zata. Kafin a ɗebi naman, kada kowa ya ba shi magungunan nan da za ki ga an rubuta prednisolone ko dexamethasone a jikin kwalinsu, ko don buɗe ciki, ko don tari, ko don kumburi, sai dai idan likitocin da suka san da zargin limfomar ne suka rubuta. Waɗannan magungunan suna narkar da limfoma na ɗan lokaci. Yaro ya ji sauƙi, kowa ya yi murna, a ɗebo nama a kasa gane komai, bayan makonni ta dawo da ƙarfinta. Narkewar ba tare da shiri ba tana iya toshe ƙoda ma. Haka nan idan wani ya ce a fara maganin tarin fuka a gani ko zai yi, ki tambaya cikin ladabi ko akwai hujja, domin maganin na wata shida ne, kuma limfoma ba ta jiran wata shida.

Idan sakamako ya tabbatar da ita, za ki ji an ambaci wasu gwaje-gwajen: jini, ɓargo, ruwan ƙashin baya, wataƙila da hoton PET, wanda ake sa wa yaro wani sukari mai ɗan haske ta jijiya, wuraren da ke cin sukari da haɗama su yi haske a hoto. Duk don a san nauyin maganin da zai ishe shi ne, kada a ba shi fiye da kima ko ƙasa da ita. Akwai kuma kyamarar haɗiya mai kamar ƙwayar magani, da aka fara amfani da ita a 2001, wadda ƙila wani ya ba ku shawara don ba ta da haske. Tana da amfani ga yaron da ke zubar da jini an rasa daga ina, amma inda ake zargin hanji ya tsuke tana iya maƙalewa, don haka ba ta ɗanki ba ce a yanzu.

Kin tambaye ni ko ke ce kika yi sakaci. A'a ƙanwata. Kin kai shi asibiti karo na farko, kin mayar da shi karo na biyu, kin lura da wandonsa na zamewa, kin nemi a karanta miki takarda, kin rubuto min. Babu wani abu da kika ba shi ko kika hana shi da ya jawo wannan. A karon farko ma abin na iya ɓuya a cikin naɗin hanjin, ko ya yi ƙanƙantar da ba za a gan shi ba. Limfomar Burkitt ba a ɗaukar ta daga wani, ba kuma gadonta ake yi kamar kamannin fuska ba, don haka kada ki raba shi da 'yan'uwansa. Abu ɗaya dai za ki duba min. Ki buɗe leɓensa a wurin haske, ki ga ko akwai ɗige-ɗige baƙaƙe a leɓen da cikin kumatu. Ki kuma bincika a danginku da na babansa ko an taɓa yi wa wani aikin hanji yana ƙarami, ko an cire masa tsiro da yawa. Akwai wani ciwon gado da ake kira Peutz-Jeghers mai sa tsiro a ƙaramin hanji, yana naɗe hanjin yara akai-akai, kuma mai shi na iya gadar wa rabin 'ya'yansa. Idan kin ga alama ki faɗa wa likita, zai canza yadda ake neman abin.

Kafin ranar hoton, idan ya yi amai kore, ko kika ga jini ko majina mai jini a bayan gidansa, ko cikin ya kumbura ya yi tauri, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya son magana, ko fitsari ya ɗauke, kada ki jira ranar da aka ba ku. Ko tsakar dare ne ku tafi sashen gaggawa da takardunku.

Shi kuma maigida, kada ki tunkare shi a matsayin wadda ta zo kayar da shi a muhawara. Mutumin nan ma ba ya barci, ya dai ɓoye miki ne. Ina zargin ba hasken kaɗai yake tsoro ba, har da abin da hoton zai nuna, kuma ya fi masa sauƙi ya yi faɗa da na'ura. Ki samu lokacin da yara suka kwanta, ki ce masa, Baban yara, ni ma ina tsoron hasken nan, zo mu je ka tambaye su da kanka gobe. Ki ba shi wannan amsar ya karanta. Idan akwai wani babba da yake jin maganarsa, yayansa ko kawunsa, ki nemi ya raka ku. Idan duk da haka ya ƙi, ki koma wurin likitan ke kaɗai ki faɗa masa halin da ake ciki, ki roƙe shi ya kira shi a waya. Wannan ba saɓa wa miji ba ne, kuma na ga iyaye maza da yawa da suka sauko cikin minti biyar da jin muryar likita.

Yaron ma a yi masa bayani, ɗan shekara bakwai yana jin duk raɗar da kuke yi a bayan ƙofa. Ki ce masa akwai abin da ke sa cikinsa ciwo, za a ɗauki hotonsa da wata babbar kyamara mai kamar zobe don a gano shi. Kada ki ce masa babu allura, akwai, sau ɗaya a hannu, kuma za ta yi zafi kaɗan. Ki faɗa masa idan rinin ya shiga zai ji ɗumi ya bi jikinsa, bakinsa ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ya ji kamar ya saki fitsari a wando alhali bai yi ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi firgita yara, su zabura a tsakiyar hoto a ɓata shi. Ku gwada a gida yau da daddare, ya kwanta a gado hannuwa sama da kai, ki ƙirga masa goma yana riƙe da numfashi. Ki rubuto min idan sakamakon naman ya fito, ina jira.